Sanarwar Bayan Taro Kan Amfani da Gansakuka Wajen Gane Lafiyar Ruwan Challawa da Madatsun Ruwan Kano



Ƙungiyarmu ta masunta da manoman lambu na bakin kogin Challawa ta gudanar da taron yini guda a garin Panshekara, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso ta Jihar Kano. Ban da 'yan ƙungiya, taron ya samu halartar sarakunan ruwa da masu unguwanni, da makiyayan da ke shayar da dabbobinsu a kogin, da iyayenmu mata masu wanki a bakin ruwa, da wasu 'ya'yanmu da ke aiki a masana'antun jima da na saƙa. Mun kuma gayyaci malamai masu koyar da ilimin halittu a makarantun sakandare, da masu binciken halittun cikin ruwa. 'Yan'uwanmu masunta sun zo daga madatsar ruwa ta Challawa da ke Ƙaraye, da ta Tiga, da ta Wasai da ke Minjibir. An buɗe taron da addu'a, an kuma rufe shi da addu'a. Maganar da ta tara mu guda ɗaya ce: ta yaya mutumin da ba shi da ɗakin gwaje-gwaje zai gane halin da ruwan da yake ci da sha daga gare shi yake ciki, har ya iya nuna hujjar da hukuma za ta saurara?

Taron ya fara da tunatar da kansa yadda ruwan Kano yake gudana, domin wanda bai san hanyar ruwa ba ba zai san inda ɓarna take fitowa ba. Kogin Challawa yana gangarowa daga madatsar Ƙaraye da aka kammala a 1992, ya ratsa ta nan Panshekara, ya je ya haɗu da kogin Kano mai zuwa daga madatsar Tiga da aka gama a 1974. Daga mahaɗarsu ruwan ya nufi Wudil, ya zama kogin Haɗeja, ya shayar da fadamun Haɗeja da Nguru. A wannan hanya ne magudanan unguwar masana'antu ta Challawa suke juye nasu ruwan, haka ma rafin Salanta yake kawo na Sharaɗa. Ta ɗaya ɓangaren birni kuma, rafin Getsi yana kwaso ruwan Bompai ya zuba a Jakara, ita kuma Jakara, wadda ta riga ta ɗauko ruwan kwatocin cikin gari da na mayanka, ta kai su duka madatsar Wasai. Matatar ruwan Challawa da ke garinmu, wadda ta soma ba birnin Kano ruwan famfo tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da matatar Tamburawa, duk daga waɗannan koguna suke ɗiba. Saboda haka abin da muka tattauna ya shafi mai buɗe famfo a Fagge ko Gwale kamar yadda ya shafi mai jefa taru a Panshekara.

Ma'aikatan jima da suka halarta sun yi wa taron bayanin abin da ke fita daga aikinsu, kuma mun gode musu da suka yi maganar ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Fata tana zuwa da gishiri, a jiƙa ta a wanke. Sai a cire gashi da farar ƙasa da sinadarin salfayid, wanda shi ne ke ba da warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai da kowa ya sani a hanyar Challawa. Daga nan a kankare tsoka da kitse, sannan a jeme ta da gishirin kuromiyam, har ta fito da launin shuɗi-shuɗi. Kowane mataki da ruwansa, kuma kowane ruwa da abin da ya ɗauko. Masana'antun saƙa suna ƙara rini da sinadaran wanki, na abinci da lemo suna ƙara ragowar sukari da tsaki. Dattawanmu sun tuna wa taron cewa jima tsohuwar sana'ar Kano ce, da bagaruwa ake yin ta a Majema tun kafin zuwan Turawa, kuma fatar Kano ta kai har ƙasashen Larabawa da Turai. Babu wanda ya zo taron nan domin a kashe sana'ar. Abin da ya canza shi ne yawan fatar da ake jemewa a yini ɗaya da irin sinadarin da ake amfani da shi.

A nan ne aka shiga ainihin maganar, kuma a nan taron ya fi daɗewa.

Malaman da muka gayyata sun bayyana cewa abin da muke kira gansakuka ba abu ɗaya ba ne. Akwai wadda ido ke gani, zare-zare mai santsi da ke maƙale wa duwatsu da komar masunci, irin wadda masana ke kira Sifirojaira. Akwai kuma dubban ƙananan tsirrai masu yawo a cikin ruwa waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma, su ne ke sa ruwan tafki ya yi kore. Waɗannan ƙanana su ne tushen abincin cikin ruwa: ƙwari ƙanana su ci su, 'ya'yan kifi su ci ƙwarin, karfasa ma kai tsaye take tace su ta ci. Ruwan da babu su ba ya riƙe kifi. Muhimmin abin shi ne kowace iri da irin ruwan da take so. Wata ba ta rayuwa sai a ruwa mai tsabta wanda ba shi da yawan taki a ciki. Wata kuma sai ruwan ya cika da kashin dabbobi da ruwan kwata da ruɓaɓɓun abubuwa sannan take yaɗuwa. Tunda rayuwarsu gajera ce, wasu suna ninka yawansu cikin kwana ɗaya ko biyu, da zarar ruwa ya canza sai jama'arsu ta canza cikin 'yan kwanaki. Wanda ya san su, in ya ɗiga ɗigon ruwa a ƙarƙashin madubi, zai ga waɗanda suka yi yawa da waɗanda suka ɓace, daga nan ya karanta abin da ruwan ya sha a makonnin da suka wuce.

An nuna mana misalai. Akwai dangin da ake kira desmid, kyawawa ne ƙwarai a madubi, kowace ƙwaya rabi biyu ce masu kama da juna, wasu da siffar tauraro. Yawancinsu ruwa mai tsabta suke so, kuma idan aka same su iri-iri a tafki alama ce ta alheri. A ɗaya gefen akwai Kulorela, 'yar ƙanƙanuwar ƙwallo kore. Da Senedesmus, wadda ƙwayoyinta ke jeruwa huɗu-huɗu ko takwas-takwas da 'yan ƙayoyi a gefe. Da Kilamidomonas mai iyo da gashi biyu. Waɗannan ukun suna jure ruwa mai datti, har su ne ke cika kududdufan tace ruwan kwata a ƙasashe da yawa. Ganin ɗaya ko biyu daga cikinsu ba komai ba ne, domin ana samun su ko'ina. Idan suka mamaye ruwa, sauran iri suka ragu, to ruwa ba ya tsami banza.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. Tun 1908 wasu masana biyu a Jamus, Kolkwitz da Marsson, suka jera tsirran cikin ruwa gwargwadon yadda kowanne ke jure ƙazanta. A 1949 wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Nygaard ya fito da hanyar kwatanta yawan ire-iren desmid da na sauran dangogi domin gane ko tafki ya ƙoshi da taki. Wanda ya fi jan hankalin taron shi ne ma'aunin da Ba'amurke Mervin Palmer ya wallafa a 1969, saboda sauƙinsa. Ya zaɓi dangogi 20 da suka fi jure ƙazantar ruɓaɓɓun abubuwa, ya ba kowanne maki daga 1 zuwa 5. Daga cikin dangogin, Yuglina da Osilatoriya suna da maki 5 kowacce, Kilamidomonas da Senedesmus suna da 4, Kulorela tana da 3. Ana lissafa dangi ne idan an samu ƙwaya 50 ko fiye a mililita ɗaya ta ruwa. In aka haɗa makin ya kai 20 ko ya wuce, ruwan ya ƙazantu sosai. Daga 15 zuwa 19 akwai alamar ƙazanta mai ƙarfi. Ƙasa da haka da sauƙi. Ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare da aka koya masa da kyau zai iya wannan lissafi. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, tun dokarsu ta ruwa ta shekarar 2000, sun wajabta duba waɗannan ƙananan tsirrai kafin a ce tafki yana da lafiya.

Wani daga cikin masu unguwanni ya yi tambayar da ta dace: in dai akwai gwajin sinadarai, me ya kai mu ga ƙirga gansakuka? Amsar da aka ba shi ita ce ta zama ginshiƙin matsayar taron. Gwajin sinadarai yana faɗin halin ruwa ne a daidai lokacin da aka ɗebi kwalbar. Mutanen bakin kogi sun sha ba da labarin yadda launin ruwa da warinsa ke canzawa da dare ko da asuba, kafin rana ta take kuma ya wuce ƙasa. Jami'in da ya zo da hantsi ya ɗebi ruwa ba ƙarya ya yi ba in ya rubuta cewa bai ga komai ba. Shi baƙo ne da ya leƙo sau ɗaya, gansakuka kuwa maigadi ce da ke kwana a bakin ƙofa. Ga kuma tsada: gwajin ƙarafa masu guba yana buƙatar na'urori masu kuɗi da wutar lantarki da ƙwararre, abin da ƙungiya irin tamu ba za ta iya biya kowane wata ba. Duba gansakuka kuwa madubi ɗaya, da kwalabe masu tsabta, da ɗan ruwan aidin na adana samfuri, da littafin hotuna, sun isa a fara.

Sarakunan ruwa sun nuna cewa su ma suna da nasu karatun tun kafin zuwan madubi, kuma malaman sun tabbatar da shi. Masunci ya san cewa idan ruwan tafki ya yi kore shar da bazara, to da asuba zai tarar da kifi sun taso sama suna haki, wani lokaci ya tarar da su birjik sun mutu. Dalilin shi ne da rana waɗannan tsirrai suna saki iskar oksijin cikin ruwa, da dare kuma su da sauran halittu duk shaƙa suke yi, don haka kafin fitowar rana iskar ta yi ƙasa ƙwarai. Idan kuma tarin gansakukar ya mutu ya soma ruɓewa, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi sai su cinye ragowar iskar. Tarwaɗa tana iya tsira saboda tana shaƙar iskar sama, karfasa da sauran kifaye su ne ke fara faɗuwa. Shi ya sa idan masunci ya ga komarsa ta koma tarwaɗa zalla a inda da yake kama kifi iri-iri, ya kamata a saurare shi kamar yadda ake sauraron mai takardar shaida. Taron ya yi takaicin yadda aka daɗe ana raina wannan sani.

Sai dai an yi gargaɗi biyu masu nauyi, kuma taron ya umarci a rubuta su a fili domin kada wani ya ɗauki maganar fiye da inda ta tsaya.

Na farko, gansakuka tana nuna ƙazantar ruɓaɓɓun abubuwa da yawan taki ne, ba ta faɗin adadin kuromiyam ko dalma da ke cikin ruwa. Fiye da haka, ruwan da guba ta yi masa yawa yana iya kashe gansakukar baki ɗaya. Mutum ya zo ƙasan magudanar masana'anta ya ga babu kore ko kaɗan, ya yi zaton ruwan ya tsarkaka, alhali kuwa matacce ne. Don haka rashin gansakuka a wurin da ya kamata a same ta shi ma alama ce, kuma ita ce ma ta fi tayar da hankali. A irin wannan wuri dole a kai ruwa da lakar ƙasa ɗakin gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kuromiyam a ruwan sha a kan miligiram 0.05 cikin lita ɗaya, kuma babu madubin da zai auna wannan. Aikin gansakuka shi ne ta nuna inda za a kashe kuɗin gwajin da lokacin da ya dace, maimakon a yi ta ɗiban ruwa a makance.

Na biyu, ba duk kore ne gansakuka ta gari ba. Akwai wasu halittu masu launin shuɗi-kore waɗanda a haƙiƙa dangin bakteriya ne, irin su Maikurosistis, kuma wasunsu suna fitar da guba mai lalata hanta. Suna son ruwa mai ɗumi, marar gudu, mai yawan taki, wato irin halin da madatsun ruwanmu ke shiga daga Maris zuwa Mayu. A 1996, a garin Karuwaru na ƙasar Burazil, gomman marasa lafiya sun rasu bayan an yi musu wankin ƙoda da ruwan da wannan guba ta shiga. A watan Agustan 2014 an hana mutane kusan 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo na tsawon kwana uku saboda ita. Tafasa ruwa ba ya kashe wannan guba. An koya wa mahalarta hanyoyi biyu na bambancewa da kowa zai iya. A tsoma sanda: idan ta ɗago da zare-zare masu tsawo, gansakuka ce ta gari, idan ta fito a shafe da wani abu mai kaurin fenti, a yi hattara. Ko a cika kwalba a ajiye ta a inuwa ta kwana ba a motsa ba: ta gari takan kwanta a ƙasa, mai gubar takan taso ta yi zobe a sama. Wannan ba hukunci na ƙarshe ba ne, amma ya isa ya sa makiyayi ya janye garkensa, uwa ta hana yaranta shiga ruwan.

An kawo kwalaben ruwa daga wurare daban-daban an leƙa su a madubi a gaban jama'a, dattawa da yara suna layi. Taron bai ɗauki abin da aka gani a matsayin sakamakon bincike ba, domin ɗiba ɗaya a rana ɗaya ba ta isa hujja ba, kuma ba ma so a fara wannan aiki da zargin da ba za mu iya tsayawa a kansa ba.

Ba a rabu ba tare da saɓani ba. Wasu daga cikin manoman lambu, musamman baƙinmu na bakin Jakara da Getsi, sun faɗa ba kunya cewa ruwan kwata yana sa alayyahu da latas da kabeji su yi kyau ba tare da an sayi buhun taki ba, kuma da rani babu wani ruwan da za su samu in ba shi ba. Gaskiya suka faɗa, domin sinadaran da ke ciyar da gansakuka su ne ke ciyar da ganye. Amma ƙarafa masu guba suna taruwa a ƙasar lambu su shiga ganyen, kuma ganyen nan kasuwannin Kano yake tafiya, 'ya'yan manomin ma shi suke ci. Taron bai yarda a ɗora wa manomi laifi ba, tunda ba shi ya ɓata ruwan ba, kuma hana shi noma ba tare da an ba shi rijiya ko wani ruwan ba zalunci ne. Haka kuma 'ya'yanmu ma'aikata sun nuna fargabar kada wannan yunƙuri ya zama dalilin rufe masana'antu, a daidai lokacin da da yawa daga cikin na Sharaɗa da Bompai suka riga suka durƙushe saboda matsalar wuta da shigowar kayan waje. Mun fahimci wannan fargaba, domin gidaje da yawa a Panshekara da albashin masana'anta ake ɗora tukunya. Matsayarmu ita ce a tace ruwa kafin a sake shi. Ana iya kama kuromiyam daga ruwan jima a sake amfani da shi, kuma wannan riba ce ga mai masana'anta.

Mun kuma duba namu gefen. Takin zamani da muke zubawa fiye da kima a gonakin gefen kogi da na kewayen Tiga da Ƙaraye, ruwan sama yana wanke shi zuwa cikin tafki. Sabulun wanki, shara, kashin dabbobi, da bahaya a bakin ruwa duk abinci ne ga gansakuka. Haƙar yashi kuma tana dama ruwa tana canza kwanciyar kogi.

Bayan wannan muhawara, taron ya amince da waɗannan matakai.

Ƙungiya za ta kafa kwamitin sa ido kan ruwa, wanda zai ƙunshi masunta, manoma, makiyaya, mata, da aƙalla malamin kimiyya ɗaya. Kwamitin zai tsayar da wuraren ɗiba na dindindin: sama da Panshekara kafin ruwan masana'antu ya shiga, ƙasa da magudanan Challawa, inda Salanta ta faɗa kogi, da kusa da mahaɗar kogin Challawa da na Kano a Tamburawa. 'Yan'uwanmu na Ƙaraye da Tiga da Wasai sun ɗauki alkawarin yin haka a nasu tafkunan. Wurin da ke sama shi ne ma'aunin sauran, domin ba a gane ɓarna sai an san yadda ruwan yake kafin ya ɓaci. Za a riƙa ɗiba sau ɗaya a wata, da safe, a wuri ɗaya da zurfi ɗaya, har shekara ta zagayo. Dalilin dagewa kan cikar shekara shi ne ruwanmu yana canzawa da lokaci ko babu masana'anta: da damina laka takan hana hasken rana shiga sai gansakuka ta ragu, da hunturu sanyi ya rage mata ƙarfi, da bazara ruwa ya janye komai ya taru a wuri kaɗan. Sakin ruwa daga madatsar Ƙaraye ma yana canza lissafi, don haka za a riƙa rubuta shi. Wanda ya kwatanta ruwan Agusta da na Afrilu ya ce ya gano ɓarna, ya yaudari kansa.

A tafkuna za a haɗa da ma'aunin farin faifai da wani masani ɗan Italiya mai suna Secchi ya fara amfani da shi a 1865. Faifai ne fari da ake ɗaura wa igiya mai alamomi, a sauke shi cikin ruwa daga kwalekwale har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin. Kowane maƙeri a Panshekara zai iya ƙera shi. Tare da shi za a rubuta launin ruwa, da wari, da irin kifin da aka kama, da duk mutuwar kifi ko ta dabba, a littafi guda da za a ajiye a hannun sakatare, kuma duk mai son dubawa a buɗe masa, har da wakilan masana'antu.

Taron yana roƙon sashen nazarin halittu na Jami'ar Bayero da na sauran manyan makarantun jihar da su karɓi wannan aiki a matsayin nasu. Ɗalibai da malamai sun daɗe suna rubuce-rubuce kan Challawa da Jakara da Wasai, amma rubutun yana ƙarewa a ɗakin karatu cikin Turanci, mutanen da aka ɗebi ruwan a gabansu ba su taɓa jin sakamakon ba. Muna so a dawo mana da shi cikin Hausa. Muna kuma so a haɗa mana ƙaramin littafin hotunan gansakukar ruwanmu, a riƙa tantance abin da kwamitinmu ya ƙirga, domin ma'aunin Palmer a wata ƙasa aka tsara shi, kuma sai masananmu sun gwada shi da ruwan Kano sun gyara inda ya kamata. Muna neman shawarar Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Bussa kan abin da ya shafi kifi, da ta Cibiyar Fasahar Fata ta Zariya kan hanyoyin jima masu rage ɓarnar sinadari.

Ga hukumomi kuwa, doka tana nan, ba sabuwa muke nema ba. Tun 1991 aka kafa ƙa'idar iyakance abin da masana'anta za ta saki a ruwa. Hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan masana'antun saƙa da fata a 2009, da na kare ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa a 2011. Muna kira ga NESREA da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da su riƙa ziyarar bazata, har da dare, su kuma karɓi littafin kwamitinmu a matsayin abin da zai sa su fito su yi gwaji. Muna kira ga Hukumar Ruwa ta Jihar Kano da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da su sa duba gansakuka cikin aikinsu na yau da kullum a Tiga da Ƙaraye da sauran madatsu, su kuma sanar da jama'a ta rediyo idan mai guba ta bayyana. Gwamnatin jiha da ta tarayya su tabbatar kowace unguwar masana'antu, Challawa da Sharaɗa da Bompai, tana da matatar gurɓataccen ruwa ta haɗin gwiwa mai aiki, tunda ƙananan masana'antu ba za su iya gina tasu su kaɗai ba. Manoman da ke ban ruwa da ruwan kwata a taimaka musu da rijiyoyin burtsatse kafin a ce musu su bari.

Muna miƙa hannu ga reshen Kano na Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya da su turo wakili cikin kwamitin. Masana'antar da ke tace ruwanta ita ce za ta fi kowa amfana da wannan littafi, domin shi ne zai wanke ta daga zargin da ake yi wa kowa a dunƙule.

A namu ɓangaren, 'yan ƙungiya sun yi alkawarin barin tazarar ciyawa tsakanin gona da bakin ruwa, da rage zuba taki gab da saukar ruwan sama, da daina wanke kwanon feshin maganin ƙwari a kogi. Sarakunan ruwa sun sake jaddada haramcin kamun kifi da guba, kuma duk wanda aka kama za a miƙa shi ga hukuma. Mun roƙi limamanmu su taɓo maganar kiyaye ruwa a huɗubobinsu, tunda addininmu ya hana ƙazantar da ruwan da jama'a ke amfani da shi.

Taron ya gode wa masu unguwanni da dattawan Panshekara da suka karɓi baƙi, da malaman da suka ɗauko madubansu suka zo ba tare da neman ko sisi ba. An amince a sake zama bayan wata shida domin duba abin da littafin ya tara, sannan a fitar da cikakken rahoto ga jama'a da hukumomi bayan cikar shekara. Kafin nan, duk wanda ya ga ruwa ya canza launi, ko kifi sun taso suna mutuwa, ko dabba ta faɗi bayan ta sha ruwa, ya cika kwalba mai tsabta nan take, ya riƙe rana da lokaci da wurin, ya kai wa Sarkin Ruwa ko mai unguwa mafi kusa da shi.

Allah Ya ba mu ikon cika abin da muka ɗauka, amin.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakataren Ƙungiya
A madadin ɗaukacin mahalarta, Panshekara, Jihar Kano